Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Gidan zanzaro na fara gani. Ɗan ƙarami ne, bai fi kan babban yatsa ba, a manne a bakin zik ɗin wata baƙar jaka da ke saman durowa a ɗakin masu hawan jini. Katuna kawai na shiga karɓa, idona ya sauka a kansa, na ce a raina, "Oh, zanzaro ya samu wuri," na wuce. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna jakar mece ce. Jakar na'urar awon jini ce, kuma ita kaɗai gare mu a asibitin.

Masu karatu, ni a gidan ƙasa na tashi. Na san zanzaro ba ya gini a jikin abin da ake buɗewa kullum.

Sunana Murjanatu, amma in ban da takardun makaranta ba mai kirana haka, Murja ake ce mini. A Daura aka haife ni, karatun jami'a ne kaɗai ya fitar da ni, na karanta ƙididdiga na dawo. Ni ba mai magana ba ce. Tun ina ƙarama in baƙi suka zo bayan ƙyaure nake maƙalewa, amma bayan sun tafi zan iya faɗa muku wacce ce ɗankunnenta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Umma takan ce Allah ya ba ni ido ya rage mini baki.

Ina aiki a wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanyar Sandamu. Ba na allura, ba na ba da magani, aikina na kwamfuta ne. Duk wanda ya zo, ma'aikacin da ya duba shi zai rubuta a katinsa, ya kuma shigar a kwamfutar hannu: suna, shekaru, awon jini, maganin da aka ba shi. Duk bayan wata uku ofishinmu na Katsina yana son ya san abu guda: cikin masu hawan jini da ke zuwa wurinmu, mutum nawa ne jininsu ya sauka ƙasa da 140/90? Kwamfuta ce ke fitar da amsar da kanta. Amma ita abin da aka ba ta take haɗiya, don haka kafin rahoto ya tafi sai na tantance. In zaɓi suna talatin ba tare da na duba na waye ba, in ciro katunansu, in gwada da abin da ke kwamfuta. In nemo wanda aka rubuta sau biyu. In gyara tsohuwar da aka ce shekararta uku, da dattijon nan na Zango da aka taɓa shigarwa a matsayin mai juna biyu. In na gamsu sai in sa hannu a ƙasan fom, gefen layin da ke cewa na duba kuma bayanan gaskiya ne.

Mai kula da ɗakin masu hawan jini kuwa shi ne Maharazu.

Kun ga, hannuna ma sai da ya tsaya kafin in rubuta sunan. Dogo ne, baƙi, farar rigarsa ta aiki kullum a goge, biro uku a aljihu. In kujera ta ƙare tasa yake miƙa wa tsohuwa ya yi rubutu a tsaye. "'Yar sandar kwamfuta" yake ce mini. Wata takwas yana gaishe ni ba na wuce "lafiya lau", bai gaji ba. Lokacin da nake ba ku labarin nan manya sun riga sun shiga maganarmu, sa rana kawai ya rage.

Ranar da na ga gidan zanzaron ƙarshen watan Yuni ne, ranar rahoto. Na koma ofis na buɗe kwamfuta. Wancan zangon, cikin kowane mutum ɗari, arba'in da ɗaya ne jininsu ya sauka. Wannan karon sai na ga casa'in da shida.

Na buɗe jerin awon, na fara gangarawa. 120/80. 120/80. 120/80. Tsoho da matashi, mai ƙiba da ramamme, na safe da na rana. Ko ɗan aji ɗaya a sashenmu na jami'a ya san jinin mutane ba ya jeruwa haka kamar sojoji. Mutum guda ma in ka auna shi sau biyu a zama ɗaya ba lallai ka samu lamba ɗaya ba.

Na ciro katuna talatin kamar yadda doka ta ce. Talatin ɗin duk sun yi daidai da kwamfuta. Ba yadda za a yi su saɓa, hannu ɗaya ne ya rubuta su, da shuɗin biron da na sani.

Malam Sabiru, shugaban asibitin, ya leƙo yana gyara hula.

"Malama Murja, Katsina sun kira sau biyu. Akwai matsala ne?"

"Kati da kwamfuta sun yi daidai, ranka ya daɗe."

"To, alhamdulillahi! Casa'in da shida! Bana sai a yi maganarmu a taro."

Ban yi masa ƙarya ba, kun dai ji abin da na ce. Wannan ne abin da na riƙa faɗa wa kaina wata uku.

Yana fita wayata ta yi ƙara. Saƙon Maharazu ne.

"'Yar sanda, yau ɓarawo nawa aka kama? Duba durowarki, dabinon Kongolam ne."

Na rubuta, "Yaya, yaushe rabon da a buɗe jakar awo?" Na zauna ina kallon layin. Na tuna yadda Umma ta yi sujada ranar da kawunansa suka zo gaisuwa. Na tuna ƙanwata Siddiƙa da ke goyon na biyu, da matan unguwa da ke tambayata, "Har yanzu dai ana ta boko?" Na goge. Na rubuta, "Na gode." Na ɗauki biro na sa hannu.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Gwaggo Yelwa. Yayar Baba ce, tun da mijinta ya rasu take gidanmu, a ɗakin da ke gefen darbejiya. A bayanta na girma. Ita ce bakin da Allah bai ba ni ba: in aka zalunce ni a Islamiyya ita ke ɗaura mayafi a ƙugu ta tafi. Tana da hawan jini shekara shida. Da a cikin gari take karɓar magani, ni na dawo da ita asibitinmu, na ce ai Maharazu na nan, zai kula da ita kamar uwarsa. Duk wata muke tafiya tare, ta saka atamfarta mai ruwan ganye, ta shafa turare, wai ba za ta je gaban siriki tana warin daddawa ba.

Wata rana a Yuli muna tsakar gida, Umma na tankaɗe, Gwaggo na tauna goro, sai ta ce:

"Ke Murja, yaron nan naki ya iya aiki. Waɗancan na cikin gari sai sun matse miki dantse da robar nan kamar za su tsinke shi. Shi kuwa kallona kawai yake ya ce, 'Gwaggo, jini lafiya lau.'"

Umma ta ce, "Ilimi ke nan, Yaya."

"Ilimi mana! Ke kuma kin tsaya kina sunkuyar da kai. Wallahi in ba kya so ni ina so, in sake sabon lalle."

Suka yi ta dariya. Ni ma na yi. A raina na ce gobe zan kai ta kemis a auna ta. Gobe ta zo aka yi ruwa. Jibi na makara. Daga nan na daina cewa gobe, saboda na san in aka auna ta aka samu wata lamba daban, dole in buɗe baki, ni kuma bakin ne ba na so in buɗe.

Akwai likita da ke zuwa mana daga gari sau ɗaya a wata. A Agusta Gwaggo ta ce masa tana jin jiri. Ya buɗe kwamfuta ya ga wata uku a jere 120/80. Abin da kowane likita zai yi tunani shi ya yi: jini ya daidaita, maganin ne ya yi mata yawa. Ya rage mata daga ƙwaya biyu zuwa ɗaya. Ina ofis a lokacin, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ba ta gaya mini ba sai a hanya, tana murna.

"Kin gani? Saura kaɗan a yaye ni."

Ko a nan ban yi magana ba. Ku zage ni, na yarda.

Ranar wata Talata a Satumba, da hantsi, tana zaune a tabarma tana ɓarar sabuwar gyaɗa da aka kawo mana daga ƙauye. Ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, sai na ji ƙwarya ta kife. Na leƙo. Gyaɗa ta watse har gindin randa, Gwaggo na ƙoƙarin tattarawa da hannun dama, hannun ya ƙi tashi. Ta ɗago ta dube ni za ta ce "Murja", bakin ya karkace, sunan ya fito rabi.

A babban asibiti da suka auna ta, ɗari biyu da goma bisa ɗari da ashirin. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Ba ta shan magani ne?" Na ce tana sha. Ta ce, "Yaushe rabon da a auna ta?" Na juya ina gyara wa Gwaggo mayafi.

Kwananta tara. Maharazu bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, shi ke ɗaga ta, shi ke nemo keken guragu. Umma ta riƙa cewa, "Yaron nan ɗa ne, ba siriki ba." Ni da shi kuwa tsawon kwana taran nan idonmu bai haɗu ba.

Aka sallame ta, ɓarin dama a shanye, magana tana fita da ƙyar. Ranar da na koma aiki na rufe ƙofar ofis na sa kwamfuta ta ƙirga mini. Daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Satumba, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, dukansu 120/80, dukansu da sunan Maharazu a gurbin wanda ya shigar. Rahoton wannan zangon kuma ranar Alhamis zai tafi.

Bayan azahar na same shi a bayan asibiti yana wanke hannu a famfo. Na miƙa masa takardar. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya daɗe yana kallo, ruwa na zuba. Sannan ya kashe famfon.

"Na'urar ta lalace tun Afrilu. Sau uku ina rubuta takarda a kawo wata."

"To me ya sa ba ka bar gurbin ba komai ba?"

"Kin san fom ɗin, Murja. In ba ka sa lambar awo ba, ba zai buɗe maka shafin magani ba. Tsohuwa ta hau babur tun daga bayan Zango, ta zauna tun safe, in ce mata ta koma hannu wofi saboda kwamfuta ta ƙi? Na sa lamba ne don su samu magani. Wallahi ba don a yabe ni ba."

"Me ya sa wannan lambar?"

"Ita ta fara zuwa mini. Ita ce a littafi." Ya goge fuskarsa da hannu. "Na ɗauka mako ɗaya ne. Da mako ya zama wata, Malam Sabiru ya fara murna, sai na rasa ta inda zan fara."

Na san wannan rashin ta inda za a fara. Na fi kowa saninsa.

Ya ce, "Kina ganin ina barci? In na rufe ido bakin Gwaggo nake gani. Ki saurare ni. Sabuwar na'ura ta iso makon jiya. Daga yanzu kowa sai na auna shi, sau biyu ma. Ki bar wannan rahoton ya wuce. Kati da kwamfuta sun yi daidai, ba wanda zai ce kin yi laifi."

"Sauran ɗari biyu da sha ukun fa? Likita ya rage wa wasu magani. Wasu ya ce kada su dawo sai bayan wata uku."

"Zan neme su da kaina."

"Kai kaɗai? A babur? Har Kongolam?"

Shi ma ya sani: sai an rubuta cewa lambobin ba na gaskiya ba ne sannan Katsina za ta sa a kira mutanen ɗaya bayan ɗaya, a sake awo, likita ya sake duba maganin kowa. In kuma aka rubuta, sunansa yana jikin kowane layi.

"Za su kore ni, Murja," ya ce a hankali. "Asabar kawunaina za su zo sa rana. Da wane ido zan aiko su?"

Na dawo gida na tarar Umma ta baje fulawa da sukari, za a yi cincin ɗin baƙi. Ta dube ni sau ɗaya ta ajiye murfin roba.

"Kun yi faɗa ne?"

"A'a, Umma."

"Murja, ki dube ni. Shekararki ashirin da bakwai. Na yi shiru kin yi jami'a, na yi shiru kin yi aiki, mutane suna ta magana ina toshe kunne. Yanzu Allah ya kawo mutumin kirki har gida, kin ga yadda ya yi da Gwaggonki. Ko mene ne, ki haɗiye shi. Mace ba ta faɗin duk abin da ta gani."

A raina na ce, Umma, haɗiyewar ce ta kwantar da Gwaggo. A fili na ce, "To."

Na shiga ɗakin Gwaggo in ba ta kunu. Tana jingine da filo, an ɗaura mata ɗankwali a karkace. Ina ba ta a cokali rabi na zubowa ta gefen baki, ina gogewa. Ta kama hannuna da hagunta, ta yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito.

"Bikin... ki. Zan... yi rawa. Da ƙafa... ɗaya."

Na yi dariya don ta ji daɗi, na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Ranar Alhamis na zauna gaban fom ɗin tun safe har aka yi kiran azahar. Saƙon Maharazu ya shigo sau biyu. Na farko, "Don Allah." Na biyu, "Don darajar Gwaggo." Wannan na biyun ne ya yanke mini hukunci, ko da yake ba yadda ya so ba.

A gurbin bayani na rubuta cewa awo ɗari biyu da goma sha huɗu ba a yi su ba, na'ura a lalace take, fom kuma ba ya barin a ba da magani sai da lamba, ya kamata a gyara wannan. Na haɗa jerin sunaye da ƙauyukansu, na sa alama a gefen waɗanda aka rage wa magani, mutum talatin da ɗaya. A ƙarshe akwai layin da ke tambayar wanda ya tantance rahoton baya. Na rubuta sunana, na ƙara da cewa na ga alamar tun a lokacin, na sa hannu duk da haka. Na danna, ya tafi.

Ban gaya wa kowa ba. Na sa hijabina na fita ta ƙofar baya.

Jumma'a bayan la'asar gidanmu ya cika da ƙamshin suya. Umma da Siddiƙa na gaban kasko, cincin ya cika faranti biyu, an shanya sabbin tabarmin da baƙin gobe za su zauna. Sai ga sallamar Maharazu. Shadda ce a jikinsa ruwan toka, hula zanna, leda cike da lemo a hannu. Idonsa ya faɗa.

"Lale da ango!" in ji Siddiƙa. "Gobe dai a sa mana kusa, mun gaji da jira."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya durƙusa ya gaida Umma, ya wuce ɗakin Gwaggo. Umma ta yi mini ido in bi shi. Na bi, na zauna a bakin ƙofa.

A gefen gadon akwai ƙaramar na'urar awo da Baba ya kawo bayan an sallame ta. Gwaggo ta nuna ta da haɓa.

"Auna... ni, siriki."

Ya ɗauka. Ya naɗa mata robar a dantsen hagu. Na'urar ta fara kumbura, Gwaggo ta yamutsa fuska.

"Yau... kai ma... matsewa? Da... ba ka... matse ni."

Wasa take yi masa, har tana ƙoƙarin dariya. Shi kuwa kansa na ƙasa. Lamba ta fito, ya karanta da murya can ciki, "Ɗari da saba'in bisa ɗari."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko cikin kwanaki. Tambaya ce a idonsa, na kuma san wacce ce. Na buɗe baki, kamar kullum ba abin da ya fito. Sai na ciro wayata, muna ɗaki ɗaya, taku uku tsakaninmu, na rubuta masa:

"Na tura jiya. Na faɗi gaskiya duka. Da sunanka, da nawa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya karanta. Na ga ya sake komawa farkon layin. Ya daɗe a kan kalmar ƙarshe, ko kuma ni ce nake fatan haka.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya mayar da wayar aljihu. Ya kwance robar daga hannun Gwaggo a hankali, ya shafa wurin da ta matse, ya naɗe ta tsaf ya saka a jakarta, ya ja zik. Ya ajiye jakar kusa da hannunta mai lafiya, ya gyara mata filo. Ledar lemon ya jingine ta a ƙafar gado.

Daga tsakar gida Umma ta ɗaga murya, "Murja, zo ki kai masa cincin ya ɗanɗana, ya faɗa mana ko sukari ya ji!"

Ya miƙe. Na janye ƙafata daga bakin ƙofa, ya wuce ta gefena, gefen rigarsa ya taɓa hijabina. Ya saka takalmansa. Umma na juya kasko, Siddiƙa ta ba shi baya tana kwashewa, ba wacce ta lura. Na bi shi har zaure, na tsaya a inda nake tsayawa tun ina yarinya, bayan ƙyaure.

Bai tayar da babur ɗin ba. Ya kama shi da hannu biyu ya tura, a hankali, har ya sha kwanar masallaci.